Ƙafar Jaipur da abin da ya rage wa iyali

 Wataƙila a gidanku ko a unguwarku akwai wanda aka yanke wa ƙafa, ko dalilin haɗarin babur, ko ciwon suga, ko ɗorin da aka ɗaure tamau har ƙafar ta ruɓe. Sau da yawa daga an sallamo shi daga asibiti sai a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a ce sai haƙuri. Yau ina so in ba ku labarin wata ƙungiya a Indiya, don ku ga cewa bayan haƙuri akwai abin yi.

A 1968, a birnin Jaipur, wani likitan ƙashi, Dokta P. K. Sethi, da wani gwanin aikin hannu, Ram Chandra Sharma, suka lura talakawa na ajiye ƙafafun roba irin na Turai da aka ba su. Dalili kuwa, an ƙera su ne don mai sa takalmi sau ciki, mai zama a kujera. Shi kuwa manomin Indiya tsugunawa yake yi, ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, ya shiga taɓo ba takalmi. Sai suka haɗa wata ƙafa da roba da katako, wadda ke lanƙwasa a idon sawu, ruwa kuma ba ya ɓata ta. Ita ake kira ƙafar Jaipur.

A 1975 wani ma'aikacin gwamnati, D. R. Mehta, wanda shi ma ya taɓa yin mummunan haɗarin mota, ya kafa ƙungiyar agaji ta BMVSS. Tana sa wa mutane wannan ƙafa kyauta, tana kuma ba waɗanda shan inna ya taɓa ƙarafunan da ke tallafar ƙafa. Ma'aikatanta kan kai aikin ƙasashen Asiya da Afirka. Masu kallon finafinan Indiya sun san Sudha Chandran, wadda aka yanke wa ƙafa bayan haɗari a 1981. Da ƙafar Jaipur ta koma rawa, har ta fito a fim ɗin Nache Mayuri a 1986.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 10 masu bukatar irin waɗannan kayayyaki, kusan 1 ne kawai ke samu. A nan gida muna da asibitocin ƙashi na tarayya a Igbobi ta Legas, da Inugu, da Dala ta Kano, inda ake haɗa ƙafar roba. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ma ta tallafa wa wannan aiki a Dala da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

To amma ko kyauta aka samu ƙafar, ba ta yin amfani sai iyali sun yi nasu. Da farko, kada ku bar mara lafiya ya riƙa zama da gwiwa a tanƙwashe kullum, ko a riƙa cusa masa matashi a ƙarƙashinta. Gwiwar kan sandare a haka, ranar gwajin ƙafa ta ƙi miƙewa. Ku roƙi ma'aikatan asibiti su koya muku naɗe dungun da bandeji, don kumburi ya sauka.

Ranar awo, ku gaya wa mai haɗa ƙafar yadda mutumin ke rayuwa: noma yake yi ko dako, a tsugune yake kewayawa, yadda yake zaman tahiya a salla. Bayan an sa, a riƙa wanke dungun kullum, a tsane shi sosai, a duba ko akwai ja ko bororo, musamman ga mai ciwon suga da ba ya jin zafin rauni da wuri. Idan ƙafar ta fara ci, a cire ta a koma wurin masu ita. Kada a cusa tsumma, kada a kai wa makanike. Yaro kuwa girma yake yi, tasa ƙafar sai an riƙa sake ta, kamar yadda takalmi ke yi masa kaɗan.

Maigida, uwargida, ku tambayi likita tun kafin sallama: ina za mu je a auna masa ƙafa, kuma yaushe? Ku rubuta amsar, ku ajiye kuɗin mota.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.