Zauren Uwargida: Idan Maigida Ya Ƙi Zuwa Asibiti



Wata baiwar Allah ce daga Kusada ta rubuto mini wasiƙar da ta tsaya mini a rai. Wata takwas ke nan maigidanta ba ya cikin hayyacinsa. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, kwanan baya har ya zari wuƙa ya bi ƙanensa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, da aka ce a tafi asibiti sai ya ce lafiyarsa lau. Yanzu danginsa sun ce a kai shi gidan mari. Tambayarta ita ce, ko alƙali zai iya sa wa a duba shi dole?

'Yar uwa, zancen mari dai ki roƙe su su bar shi. Ba mu manta da watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da cikin garin Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Akasarinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya kuwa.

A da, ƙarƙashin dokar da Turawa suka kafa a 1916 aka sabunta a 1958, gaban majistare ake zuwa a yi rantsuwa cewa wane ya taɓu, likita ya sa hannu, a tsare shi. Tsarewa ce ta dami waccan doka, ba magani ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A cikinta asibiti ake fara kai buƙata, sai likitoci biyu sun duba sun yarda mutum na iya cutar da kansa ko wani, sannan a kwantar da shi ba da son ransa ba, har zuwa kwana 28, kafin a sake duba lamarin.

Saboda haka ki fara da Babban Asibitin Kankia, ko da babu shi. Ki tafi da mahaifinsa ko yayansa, domin kin san halin mutanenmu, gobe a ce ke kika laƙaba masa hauka. Ki rubuta abin da ya yi da ranakun da ya yi, ki ambaci wuƙar nan, kada kunya ta sa ki ɓoye ko da yana shaye-shaye. Daga nan za a tura ku Katsina, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna.

To, ina kotu ta shigo? Idan ya ji wa wani rauni har aka gurfanar da shi, ku shaida wa alƙali halin da yake ciki, yana da ikon tura shi likita ya bincike shi kafin a ci gaba da shari'a. Haka nan idan ke kika kai kukan aurenki kotun Shari'a, a mazhabarmu ta Malikiyya ana ɗibar wa miji shekara guda ta neman magani, in bai warke ba zaɓi na hannunki. Kada ki ji haushi idan alƙali ya nace sai ya ga takardar likita. Sau nawa aka ce tsoho ya zautu, alhali gonarsa ake hange?

Kafin ku tafi asibitin, ki kawar da wuƙaƙe da maganin feshi daga gidan, yara kuma su riƙa kwana wajen kakarsu. Allah Ya ba shi lafiya. Ina jiran wasiƙarki ta gaba in ji yadda kuka yi.