"Kin rame, lafiya?": tambayar da ke hana mu bin maganar likita



Mu faɗi gaskiya. A Maraɗi ko Damagaram, in amarya ta yi wata shida a ɗakinta aka ga ta cika ta yi ɓul-ɓul, sai mu ce: "Madalla, miji ya iya kiwo." In ko ta rame, kafin la'asar magana ta kai gidan iyayenta. Namiji ma in tumbi ya fito, cewa muke Alhaji ya samu.

Wannan tunanin yana da tushe. Mun ga yunwar 2005 da yaran da tamowa ta kama a jihohin Maraɗi, Zinder da Tahoua. Mun ga zamanin da duk wanda ya rame ake raɗe-raɗin sida ce. Shi ya sa har yau rama a idonmu wahala ce, ƙiba kuwa rufin asiri.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mace ta je CSI, aka auna ta, aka ce tansiyo ta hau, suga ya soma yawa, ta rage mai da gishiri da lemun kwalba, ta riƙa tafiya da ƙafa. Ta yi ƙoƙari, kilo huɗu suka sauka, ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Sai ga uwar miji: "Ke ƴar nan, mi ke cin ki?" Maƙwabta su ce kishiya ce ta sa ta gaba. Likita minti goma ya yi da ita, mu kuwa kullum muna tare. Wa kuke jin za ta bi?

Wasu ma har sayen ƙibar suke. Ƙwayoyin nan na masu talla a kan tire, irin su dexamethasone, ba abinci ba ne. Ruwa suke tarawa a jiki, fuska ta kumbura, tansiyo da suga su hau, ƙashi ya yi rauni. Muna yaba kumburi, muna kiran shi hutu.

Lissafin ba wuya. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa: 25 nauyi ya wuce ƙima, 30 ƙiba ta zama matsala. Mai tsawon mita 1,65 da kilo 82 ta riga ta kai 30. Kuma ba a ce ta koma kamar sillen kara ba. Rage kilo 5 zuwa 8 kaɗai kan taimaka wa tansiyo da suga. OMS ta ce motsa jiki na minti 150 a sati, wato rabin awa, kwana biyar. Ku maza na fada, a rage sukari a shayi, a bar hawan kabu-kabu zuwa masallacin unguwa.

Ramar da ta zo haka kawai ba dalili, wannan kam a garzaya likita. Amma wadda ta rage jiki da saninta, don lafiyarta, kada bakinmu ya mayar da ita baya. Mu ce mata "sannu da ƙoƙari", in da hali mu raka ta tafiyar safe.

A unguwarku ya abin yake? Muna saurarenku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.