Karatun Dare da Kofin Gari

Duk wanda yake kwana a makarantar nan ya san abin da ke faruwa idan jarrabawa ta matso. Ana kashe fitila ƙarfe goma, amma kafin sha ɗaya an kunna tocila a ƙarƙashin bargo. Can wajen ƙarfe ɗaya sai ka ji ƙarar cokali a cikin kofi, an jiƙa garin kwaki an zuba masa sukari. Wani kuma goro yake ci, ko ya kaɗa Nescafé don kada gyangyaɗi ya kama shi. Ni ma na yi haka a zangon da ya wuce, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yunwa. Na cinye guzurin wata guda cikin mako biyu, duk da haka kullum jikina a mace yake.

Da na yi zaton karatun ne yake cin abincin. Ashe rashin barcin ne.

A jikinmu akwai wasu sinadarai biyu da suke kula da cin abinci. Ɗaya sunansa girelin, ciki ne yake fitar da shi, aikinsa ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa. Ɗayan kuma leftin, daga kitsen jiki yake fitowa, shi ne mai cewa an ƙoshi. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago da ke Amurka suka sa samari 12 yin barcin awa 4 kacal har dare biyu a jere. Leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da abinci mai sitaci. Wato dai kofin garinmu da sukari.

Akwai wanda ya fi wannan tayar da hankali. A 1999, a wannan jami'a dai, an hana samari 11 masu cikakkiyar lafiya barcin da ya wuce awa 4 har dare shida. Bayan haka sai aka ga jikinsu yana jinkirin kwashe sukari daga cikin jini, saurin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da suka samu isasshen barci sai abin ya gyaru. Ba ina cewa mako guda na karatun dare zai sa wa mutum ciwon sukari ba. Amma ku duba lissafinmu: mun hana jiki barci, mun rage masa ƙarfin sarrafa sukari, sannan a daidai wannan lokacin muke ɗura masa sukarin. Kuma masu shirin WAEC da NECO wata da watanni suke yi a haka.

Ga ƙannenmu 'yan ƙananan ajujuwa masu kwaikwayon manya, ku sani cewa mafi yawan sinadarin da ke sa girma, a cikin barci mai nauyi na farkon dare jiki yake sakinsa. Wannan lokacin ne kuke sayarwa don ku haddace shafi biyu, wanda da safe ma ba lallai ku tuna ba.

Na san abin da za a ce: manhaja tana da yawa, lokaci ya ƙure, kowa yana son sakamako mai kyau. Gaskiya ne, ni ma tsoron faɗuwa ne ya hana ni kwanciya. Sai dai laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kullum. Mu kuwa, ko wanda ya kwanta ƙarfe goma daidai, ana tashinsa ƙarfe biyar don salla da shara da wanka. Awa 7 ke nan, ga wanda bai karya doka ba ma. Tun a jadawali an riga an ci mu bashi.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu, cikin girmamawa, a ba mu awa guda ta barcin rana bayan abinci, a kuma hana sa aiki ko horo a cikinta. A rage jibga mana aikin gida a makon jarrabawa. Su kuma shugabannin ɗakunan kwana su fara da kashe tasu tocilar, domin yawanci ita ce ta ƙarshen mutuwa. 'Yan uwana masu shan Nescafé da goro, ƙarfinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ko rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha ƙarfe sha ɗaya, har lokacin kiran sallar asuba rabin yana nan tare da shi.