A Sa Hutun Kwaleji Cikin Damina

Manoma, ga magana da ta shafe mu. Tun 1983 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Fasaha a Ƙaura Namoda, 'ya'yanmu har na Shinkafi da Zurmi suna karatu cikinta. To, kuɗin karatun nan daga ina yake fita, in ba gero da dawa da gyaɗa ba? Saboda haka muna roƙon hukumar kwalejin, in za ta tsara shekarar karatu, ta ajiye babban hutu daga Yuni zuwa Agusta, lokacin shuka da noman firi da maimai. Yaro ya kama wa ubansa, a huta da biyan 'yan ƙwadago, rumbu ya cika. Ai sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya sa a duba.