Idan Kasuwa Ta Yi Sanyi, Madugu Ake Kallo

Duk wanda ya saba zaga kasuwannin Tamanrasset da In Guezzam, ko yake tsallakawa zuwa Assamaka da Arlit, ya san yadda gaisuwa ke sauyawa idan ciniki ya ja baya. Za ka ce wa mutum "ya kasuwa?" ya ce maka "da godiya", amma kayan da ka gani a rumfarsa watan jiya su ne dai a jere, ƙura ta lulluɓe su. A irin wannan lokaci ne wannan shafi ke ganin ya wajaba a yi wa masu shaguna da rumfuna magana ta gaskiya, domin abin da ke cikin haɗari ya wuce riba. Jarin da aka yi shekaru ana tarawa ne, da abincin iyalai a Agadas da Tawa da Damagaram, da kuma mutuncin da ba a sayen sa a kasuwa.

Kamar yadda masu karatu suka sani, matsin tattalin arziki ba baƙo ba ne a wannan yanki. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dalar Amurka 100, amma kafin ƙarshen Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Aljeriya, wadda fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga waje ke fitowa daga mai da iskar gas, ta ji jiki. Ajiyarta ta kuɗin waje ta zube daga wajen dalar Amurka biliyan 190 zuwa ƙasa da biliyan 50 a ƙarshen 2020. An ƙara kuɗin man mota a 2016, an ɗaga harajin kaya daga kashi 17 zuwa 19 a 2017, an kuma taƙaita shigo da ɗaruruwan kayayyaki a 2018. Garin da ke da nisan kusan kilomita 2,000 daga Aljiyas, wanda kusan komai nasa a mota yake zuwa, dole ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Ta ɓangaren kudu ma labarin bai yi daɗi ba. Tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe a 2016, ya sake durƙushewa a 2020. Gwamnatinta ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga kuma annobar korona da ta tsayar da zirga-zirga ko'ina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyoyin Ƙonni da Maraɗi na tsawon watanni. A Afrilun 2025 kuma dangantaka ta yi tsami tsakanin Aljeriya da ƙasashen Mali da Nijar da Burkina Faso, har aka janye jakadu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawarar mai rumfa kafin a yi shi, amma shi ne ya biya kuɗinsa. Tunda abin ya zama yau da gobe, hankali shi ne a zauna da shiri.

Kakanninmu fatake sun san wannan. Ayari ba ya tashi sai da madugu, kuma ba a ranar da aka isa zango lafiya ake gane ƙwarewarsa ba. Ana gane ta ne ranar da aka tarar rijiya ta ƙafe: shi ne zai ƙidaya salkunan da suka rage, ya raba ruwa daidai, ya yanke shawarar kayan da za a sauke, ya hana mutane watsewa. Mai shago mai yara biyu ko uku madugu ne a nasa ayarin, kuma aikin da ke gabansa bai bambanta da wannan ba.

Abu na farko shi ne ƙidaya. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu aljihu ɗaya ne da su, a nan uwar kuɗi take, a nan riba take, a nan ake ɗiban cefane da gudunmawar biki. Lokacin da kasuwa ke ci ba a ganin illar haka, domin abin da ke shigowa yana rufe abin da ke fita. Da zarar ciniki ya tsaya, sai mutum ya wayi gari yana cin jarinsa bai sani ba. Muna kira ga kowane maigida ya yanka wa kansa albashi kamar yadda yake yanka wa yaronsa, ya sayi littafi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace yamma. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa. Wanda bai san abin da ya rage masa ba, ba zai san ranar da ya kamata ya ja burki ba.

Wannan ƙidaya tana da muhimmanci na musamman a kasuwar iyaka, inda kaya ɗaya kan ratsa dinari da sefa, wani lokaci har da naira. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, dinari kuwa yana da farashin banki da na bayan fage, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. A ce misali ka saro katan a kan dinari 1,000 ka sayar 1,200, kana murna ka ci ribar 200. Ka koma sari ka tarar ya zama 1,250. A gaskiya asarar 50 ka yi, domin kuɗinka ba ya iya mayar da katan ɗin da ka fitar. Saboda haka a riƙa sa farashi bisa abin da za a kashe wajen mayar da kaya a yau. Kayan da suka kwana watanni ba su motsa ba kuwa, gara a sake su ko da a uwar kuɗi, a juya kuɗin zuwa abin da mutane ba sa iya bari kamar abinci da sabulu. A lokacin matsi, kuɗin da ke juyawa ya fi sito cike da kaya.

Abu na biyu shi ne bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai musun cewa kasuwancin iyaka a kan amana yake tafiya. Amma amana ba ta hana rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka babu wanda ya isa ya ce neman a rubuta rashin yarda ne. Kowane abokin ciniki a yanka masa iyakar da ba zai wuce ba sai ya biya na baya. Shi kuma maigida da ake bi, kada ya kashe waya ko ya sauya hanya. Ya je da ƙafarsa wurin wanda ya ba shi kaya tun kafin wa'adi ya cika, ya faɗi halin da ake ciki, a raba biyan kashi-kashi. Dilan da ya ga fuskarka ranar wuya shi ne zai sake ba ka kaya ranar da hanya ta buɗe.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne yadda ake riƙon yaran shago. Abin takaici ne a ga cewa da zarar ciniki ya ja baya, yaro ne farkon wanda ake sallama, alhali maigida bai rage komai daga hidimarsa ba. Alhazan Maraɗi da suka yi suna a fatauci sun daɗe da sanin cewa arzikin mutane shi ke jawo arzikin kuɗi. Yaron da ya yi shekaru tare da kai ya san abokan cinikinka, yana jin Larabci ko Buzanci, ya san direban da za a ba amana. Ranar da ka kore shi, da duk wannan zai tafi. Ƙari a kan haka, yaron da aka sallama a nan ba unguwarsu zai koma da yamma ba. Yana nesa da gida da ɗaruruwan kilomitoci, kuma abin da ke jiransa shi ne ramukan zinariya ko masu neman wanda zai ɗaukar musu kayan haram.

Shugabanci na gari shi ne maigida ya fara ragewa daga kansa, sannan ya tara yaransa ya buɗe musu littafi su gani da idonsu. Idan dole ne a rage alawus, a faɗa musu nawa ne kuma zuwa yaushe. A nemi shawararsu, domin wanda ke tsaye a bakin rumfa ya fi kowa sanin abin da masu saye ke tambaya. Idan kuma rabuwa ta zama dole, a biya yaro haƙƙinsa cif, a haɗa masa da kuɗin mota. Ɓoye gaskiya shi ke haifar da zargi, zargi kuma shi ke kawo 'yan ɗauke-ɗauke a shago.

Abu na huɗu gargaɗi ne. Idan halal ta yi wuya, masu zuga ba sa ƙarewa. Za a ce maka ga man fetur da madarar gari da man girki masu rangwamen gwamnati, tsallakar da su sau ɗaya ya ishe ka fita daga bashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Dokar yaƙi da fasa-ƙwauri ta 2005 ta ba da damar ƙwace kaya da motar da ta ɗauko su, ban da ɗauri. Dokar Disamban 2021 kan ɓoye kaya don su yi tsada kuwa ta tanadi hukuncin da kan kai shekara 30, har da ɗaurin rai da rai idan gungu ne ya shirya. Maigidan da ya tura yaronsa wannan hanya shi kuma ya zauna a inuwa ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa ɗansu. Akwai halastacciyar hanya ta ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da aka sabunta dokarta a 2020, inda busasshen dabino da gishiri da barguna da kayan roba ke tafiya kudu, dabbobi da lalle da kayan yaji da gyaɗa su taho arewa ta hannun diloli masu rajista. Ribarta ba ta kai ta fasa-ƙwauri ba, amma mai ita yana barci a gidansa. Haka nan kowa ya tabbata takardunsa na zama da na sana'a da rasit ɗin kayansa suna nan daidai.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyar da kowanne ke hayar gefen mota shi kaɗai za su fi samun sauƙi idan suka haɗa kai suka ɗauki mota guda, suka yi sari tare. Adashi ma yana da amfani, matuƙar an rubuta ƙa'idojinsa kuma an zaɓi uwar adashi mai tsoron Allah. Karya farashi don a durƙusar da maƙwabci kuwa rami ne da mai haƙa shi ke fara faɗawa.

Tarihi ya nuna amfanin tanadi. An ruwaito cewa a 1929, shekarar da kasuwannin duniya suka rushe, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ajiya a sabon bankin da aka buɗe a Kano. Farashin gyaɗa ya faɗi a shekarun da suka biyo baya, amma gidansa ya tsaya da ƙafarsa har zuwa rasuwarsa a 1955 da bayanta. Ba kowa ne zai tara kayan raƙumi ba, amma kowa na iya ware wani abu daga ribar lokacin baje-kolin Assihar ko ta jajibirin salla, ya ajiye don watannin da ƙafa ke ɗaukewa.

A ƙarshe, muna kira ga hukumomin ɓangarorin biyu na iyaka da su riƙa sanar da 'yan kasuwa da wuri kafin a sauya wata doka ko a rufe wata hanya, su kuma sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa shiga tsarin musayar kaya. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma su tashi tsaye, su shirya zaman koyar da lissafi da bayanin dokoki da Hausa. Amma kafin wannan ya samu, nauyin yana wuyan mai shago: ya ƙidaya abin da ke hannunsa, ya rubuta bashinsa, ya riƙe mutanensa, ya nisanci haram. Allah Ya buɗa mana kasuwa, Ya kare mana dukiya da mutunci, amin.