Harkulis Halal, Faran Maka Haram?

Yau da faɗa na zo, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Ka tare ɗan sakandare mai son kallo a Yelwa ka tambaye shi wane ne Zus. Nan take zai gaya maka sarkin gumakan Girkawa ne, mai jifa da aradu daga dutsen Olimfus. Ya san Fosaidon mai teku da mashinsa mai baki uku. Ya san Harkulis da ayyukansa 12, har da macijin nan da in aka sare kai ɗaya biyu su tsiro. A fim ya gani, kuma ba wanda ya ce ya yi ridda. To tambaye shi Faran Maka, sai ya yi zuru. Alhali a bakin kogin Kwara yake kwana yake tashi.

Faran Maka fa shi ne gwarzon da masunta Sorko na ƙasar Songhai ke ɗauka kakansu, kuma daga cikinsu Sarkawa suka gangaro har ƙasar Yawuri. Labarin ya ce shi ya kara da aljanin ruwa Zinkibaru, mai molon tsafi da ke jan kifaye, ya ci shi, ya ƙwace mulkin kogi. A wannan kogin ne dai suka ce akwai Harakoy Dikko uwar ruwa, da Dongo mai aradu. Don Allah da me Harkulis ya fi shi, in ban da ya samu masu rubuta shi?

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Marubucinmu zai cika littafi uku da bokayen birnin Sin da aljanun da ba a san garinsu ba, a saya a yaba. Amma ya kuskura ya sa Sarkin Rafi ko Doguwa a labari, sai a ce yana tallar shirka. Haba jama'a! Ba da labarin abu daban, bauta masa daban. Girkawan yau yawancinsu Kirista ne, amma ba su ƙone Homa ba. In kuma an ce su Nasara ne, to ga Hisham ibn al-Kalbi, malamin tarihi Musulmi da ya rasu wajen 819, littafi guda ya yi, Kitabul Asnam, kan Lata da Uzza da Manata da Hubal, da inda aka ajiye su da waɗanda suka bauta musu. A gida ma, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kano bai ɓoye Barbushe da Tsumburbura ba. Mun fi su tsoron Allah ne?

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kusan 44,000, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungu da yawa. Duk dutsen da ake cewa ga wanda ke zaune a ƙarƙashinsa, duk gurbin da masunci ba ya jefa koma, ruwa ya rufe, sai abin da ya saura a bakin tsofaffi. Yaren Gungawa kuwa, wato Reshe, Hausa na haɗiye shi. Wa ya rubuta? Jean Rouch ɗan Faransa ya yi maƙala kan Sarkawa a 1950, da Faransanci. Frank Salamone ɗan Amurka ya fitar da littafi kan Yawuri a 1974, da Turanci. Mu kuma muna can muna aurar da ɗan minista da 'yar talakawa karo na ɗari.

Na san za a ce kasuwa ce, soyayya ake saye. Ban yarda ba. Masu sayen littattafan yaƙi da aljanu ba daga sama suka faɗo ba. Kai, Rigata ma, duk lokacin da aka yi ta a Yawuri hoton kwalekwale kawai muke ɗauka, ba mai zama da tsohon da ya taɓa farautar dorina ya ji abin da ake faɗa kafin a shiga ruwa.

Daga Yelwa zuwa Ngaski ko Shanga ba tafiyar kwana ba ce. Wayar nan da kuke kallon Harkulis da ita tana ɗaukar murya, ku je ku kunna ta a gaban tsofaffin Gungawa da Sarkawa.