Aikatau «suggest» da Doguwar Hanyar da Muke Bi da Ɗalibanmu

A hutun da ya wuce na je gida Badagishiri, sai wani ƙanena da ke shirin jarrabawar BEPC ya kawo mini littafinsa na darasin Ingilishi, ransa a ɓace. An ja masa jan layi a ƙarƙashin jimla guda: «I suggest you to go to the market». A gefe an rubuta masa gyara da Faransanci, ya kuma haddace gyaran, amma da na tambaye shi dalilin da ya sa jimlar ta zama kuskure sai ya yi shiru. Na ce masa ya faɗi abin da yake nufi da Hausa. Ya ce, «Ina ba ka shawara ka tahi kasuwa.» Na ce to ai ka gama, abin da ka faɗa yanzu shi ne ainihin tsarin da Ingilishi yake so, Faransancin da ka ratsa ta cikinsa ne ya karkatar da kai. Wannan ƙaramin al'amari shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin akwai abin da ya kamata mu masu nazarin harshe mu faɗa a kan yadda ake koyar da Ingilishi ga yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa.

Bari mu fara da asalin kalmar. Aikatau «suggest» ya fito ne daga Latin «suggerere», wanda ya ƙunshi ɗafa-goshi «sub», mai ma'anar ƙarƙashi, da tushe «gerere», mai ma'anar ɗauka ko kaiwa. Baƙin b na ɗafa-goshin ya nashe cikin g na tushe, shi ya sa ake rubuta g biyu. Ɗalibin da ya fito daga Adar ba ya bukatar dogon bayani a kan irin wannan naso, tunda a karin harshenmu «rigas sarki» muke cewa, da «rigab Bala», inda madanganci yake rikiɗa ya zama irin baƙin da ke gabansa. Tushen nan «gerere» shi ne kuma a cikin «digest» da «gesture» da «register». Ma'anar farko ke nan ita ce ɗauko abu daga ƙasa a miƙa shi, ko a cusa shi a hankali ba tare da hayaniya ba.

Sunan «suggestion» ya riga aikatau shiga Ingilishi. Ya shigo ta hanyar Faransanci tun ƙarni na 14, kuma a lokacin ma'anarsa ba ta da kyau ko kaɗan: zuga zuwa ga aikata sharri, wato abin da mu muke kira waswasi. Aikatau ɗin kansa sai a ƙarni na 16 ya bayyana, kuma a wasannin Shakespeare ana samun sa da ma'anar yaudara ko jan mutum zuwa ga saɓo. Sannu a hankali dattin ya wanke, kalmar ta zama ta ladabi, irin wadda ƙarami yake amfani da ita in zai kawo ra'ayi gaban babba. Sai dai tsohon ƙamshin bai gushe baki ɗaya ba. In Bature ya tsare ka da ido ya ce «Are you suggesting that I lied?», ba shawara yake tambaya ba, cewa yake, kana yi mini shaguɓe cewa ƙarya na yi?

Tamu kalmar, shawara, tarihinta ya sha bamban. Daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da «shura», sunan sura ta 42 a Alƙur'ani, kuma tun asali tana ɗauke da ma'anar zama a tattauna a fili. Wannan ya sa ta fi «suggest» faɗi ta wani ɓangare: ana ba da shawara, ana neman ta, ana yin ta, ana kuma yanke ta, alhali Ingilishi yana da kalma dabam ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Ta wani ɓangaren kuwa ta fi shi ƙunci, kamar yadda za mu gani a gaba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bafaranshe yana cewa «je te suggère de partir», wato aikatau, da wanda ake yi wa magana, da wani aikatau maras lamirin lokaci bayan «de». Yaron da aka koya wa Ingilishi da Faransanci, da zarar ya ga «de» sai ya sa «to» a madadinsa, domin a wurare da yawa hakan yana tafiya daidai. Abin da ya ƙara rikita shi, Ingilishi ya yarda da «I advise you to go», amma bai yarda da «I suggest you to go» ba, ko da yake ma'anar jimlolin biyu kusan ɗaya ce. Abin da «suggest» yake karɓa shi ne suna, ko siga mai ƙarewa da «ing», ko kuma cikakkiyar ganga mai nata aikau: «I suggest that you go», kuma ana iya jefar da «that» ɗin.

A dubi wannan ganga da kyau. In aikau mutum na uku ne tilo, ba a ƙara wa aikatau s ɗin da aka saba: «I suggest that he go». Wannan ita ce sigar da ta fi yawa a Amurka, a Ingila kuwa an fi jin «that he should go». In za a kore ta, ba a kawo «does», sai dai a sa «not» kai tsaye gaban aikatau: «I suggest that he not go». Ɗalibai suna ganin wannan kamar wani baƙon abu da ya saɓa wa duk ƙa'idojin da aka koya musu tun ajin farko na kwaleji. Amma Bahaushe kullum haka yake magana. Wannan shi ne lokaci umartau namu, wanda Galadanci ya bayyana a littafinsa na nahawu na 1976, Newman kuma ya faɗaɗa bayaninsa a nasa na 2000. Muna cewa «ina ba da shawara su tafi», ba ma cewa «sun tafi» ko «suna tafiya». In mun kore, «kada su tafi» muke cewa, da kalmar korewa ta musamman a gaba, ba «ba... ba» da muka saba da ita ba. Daidaiton ya kai har nan.

Zan yi wa Faransanci adalci: shi ma yana da siga irin wannan, «je suggère qu'il parte». Sai dai ɗan kwaleji a Ilela ko Malbaza yana fama da wannan sigar ita kanta a darasin Faransanci, bai riga ya mallake ta ba. Ashe ke nan muna bayyana masa abin da bai sani ba ta hanyar abin da bai gama sani ba, mun bar abin da ya iya tun yana goye. Wanda zai je Tawa daga Badagishiri ba ya fara bi ta Yamai.

Akwai ma'ana ta biyu da ta fi shafar mu ƴan jami'a, kuma a nan shawara ba ta da aiki ko kaɗan. In aka rubuta a muƙala «the data suggest that...», bayanai ba shawara suka bayar ba, ba su kuma tabbatar da komai ba. Abin nufi shi ne alamu sun nuna, ko ana iya fahimtar cewa. Marubucin ya zaɓi kalmar ne da gangan don ya bar wa kansa ƙofar fita. Na sha ganin kundayen ɗalibai inda aka mayar da wannan «bincike ya tabbatar da cewa», sai hasashen wani masani ya koma hukunci a hannun wanda ya fassara shi. A wannan ma'anar, gangar da ke biye tana ɗaukar lokacinta na yau da kullum, kuma nan ma Hausa tana raba su sarai: «su tafi» shawara ce, «alamu sun nuna sun tafi» labari ne.

Na san abin da za a ce. Na farko, Hausa ma tana da nata tarkon. «Ba ni shawara» tana iya haifar da «suggest me», kuma ana jin wannan kuskure a tsallaken iyaka, a ɗaya Ilelar ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni, inda babu ruwan kowa da Faransanci. Gaskiya ne, amma malamin da ya san ginin jimlar Hausa shi ne zai hango tarkon kafin yaro ya faɗa, ya nuna masa cewa «ba» ne yake karɓar mutum kai tsaye, shi kuwa «suggest» sai da «to» in har za a ambaci mutumin: «suggest a book to me». Na biyu, ba duk ƴan aji ne Hausawa ba. A jihar Tawa akwai masu Tamajak da masu Fulfulde, kuma akan turo malami daga yankin da ba a Hausa. Wannan hujja tana da nauyi, ban kuma ce a kori Faransanci daga aji ba. Abin da nake cewa shi ne a daina ɗaukar ambaton Hausa a darasin Ingilishi a matsayin gazawar malami, musamman a garin kasuwa irin Badagishiri inda Hausa ce take haɗa mai saye da mai sayarwa ko da wane harshe suka tashi.

Lokacin ma ya dace. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. In har harsunan nan uku za su zauna a takarda guda, to ana bukatar littattafan da ke kwatanta Hausa da Ingilishi kai tsaye. Ƙamusun Roxana Ma Newman na Ingilishi zuwa Hausa yana nan tun 1990, amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya zama a aji ya nuna wa yaro dalilin da ya sa «advise» ya karɓi «to» shi kuwa «suggest» ya ƙi. Wannan aikin ɗaliban sashen kimiyyar harshe ne, na Jami'ar Abdou Moumouni da na Sakkwato da Kano, kuma ya isa kundin digiri: a tattaro aikatau na umarni da roƙo da shawara, irin su «insist» da «demand» da «recommend» da «propose», a jera kowanne kusa da takwaransa na Hausa, a gwada a aji biyu ko uku a ga abin da zai fito.

Shi kuwa ƙanen nawa, na ba shi jimloli goma na Hausa masu umartau ya juya su. Ya ci takwas. Biyun da ya faɗi duk masu «kada» ne, domin hannunsa ya saba da rubuta «doesn't» kafin ya yi tunani.